An kawo wuta amma shafi ya ƙi karɓarka: duba agogo kafin ka taɓa kalmar sirri

An ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, an dawo da ita bayan awa biyu, ka kunna kwamfuta, sai shafin da kake shiga kullum ya nuna bai taɓa saninka ba. Wurin da hannu ke fara kaiwa shi ne inda aka rubuta cewa ka manta kalmar sirri. A ganina wannan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa. Kalmar sirrinka tana can ajiye a kwamfutocin masu shafin, ɗaukewar wutar gidanka ba ta isa ta canza ta ba. Abin da ya canza yawanci yana cikin ɗakinka: agogon kwamfuta, ko kibod, ko rauta (na'urar da ke raba intanet a gida), ko burauza (manhajar buɗe shafukan intanet). Kuma da zarar ka canza kalmar sirri, shafuka da yawa kan fitar da kai daga duk sauran na'urorin da kake ciki, har da wayar da ita ce za ta cece ka. Garin gyaran gira sai a rasa ido.

Fara da agogo, domin shi ne aka fi mantawa da shi. A cikin kwamfutar tebur akwai wani ɗan batir mai faɗi, an rubuta CR2032 a bayansa, ƙarfinsa 3V. Aikinsa ya riƙe lokaci da saitin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta buɗe, a duk lokacin da babu wuta. Yakan yi shekaru yana aiki, kuma idan ya mutu ba za ka gane ba muddin kwamfutar tana jone da wuta, domin ko an kashe ta tana ɗan jan abin da agogon ke buƙata daga soket. Sai ranar da aka ɗauke wuta asirinsa ke tonuwa: kwamfutar ta tashi da kwanan watan shekarun baya.

To mene ne haɗin wannan da shiga shafi? Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Waɗanda Let's Encrypt ke bayarwa, misali, an san su da wa'adin kwana 90. Idan agogonka ya koma 2015, burauza za ta ga takardar ba ta ma fara aiki ba, sai ta ƙi buɗe shafin. A Chrome za ka ga NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, ko ta gaya maka kai tsaye cewa agogonka yana baya. Alamar da ba ta ƙarya ita ce kusan duk shafuka su ƙi a lokaci ɗaya.

Agogo yana da hannu kuma a lambobin tabbatarwa masu lamba shida-shida, waɗanda wasu shafuka ke nema bayan kalmar sirri, da manhajoji irin su Google Authenticator ke fitarwa. Ba ta intanet ake aiko su ba. Wayarka ce ke lissafa su daga wani mabuɗin sirri da kuma lokacin da ake ciki, bisa ƙa'idar RFC 6238 ta shekarar 2011, kuma kowace lamba daƙiƙa 30 take yi. Shafuka kan yi sassauci na lamba ɗaya gaba ko baya, amma idan agogon wayar ya kauce da minti biyu, duk lambar da ka saka za a ce ba daidai ba ce. Wannan yakan faru idan waya ta mutu murus saboda rashin caji, ta kuma tashi a wurin da babu sabis. Akwai wani tarko mafi ɓoyuwa: mutum ya gyara agogo da hannu har ya yi daidai da na bango, alhali yankin lokacin da aka zaɓa ba nasa ba ne. A ido komai lafiya, a lissafi kuwa an samu tazarar da ke tsakanin yankunan biyu, misali awa guda cif. Gyaran shi ne ka shiga saitin kwanan wata da lokaci, ka zaɓi yankin lokacinka, ka kunna saitin da ke ɗauko lokaci kai tsaye daga intanet ko daga layin waya. A Windows akwai maballin Sync now a wurin, ka danna shi.

Idan kullum aka ɗauke wuta sai agogon ya sake ɓacewa, canza batirin. Cire fulogi daga soket, danna maballin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar da ke ciki ta fita, buɗe murfin gefe, tura ɗan ƙarfen da ke riƙe batirin, zai ɗago da kansa. Sabon ya shiga da gefen da ke da alamar + yana kallon sama. Bayan nan ka shiga BIOS ka gyara kwanan wata, ka kuma tabbatar faifan da Windows ke kai shi ne na farko a jerin tashi.

Idan agogo lafiya yake, dubi kibod. Kwamfutoci da yawa kan tashi da Num Lock a kashe, sai mutum ya yi ta buga lambobi a gefen dama babu abin da ke shiga, shi kuwa ɗigo-ɗigo kawai yake gani bai ƙirga ba. Haka Caps Lock. Haka tsarin kibod idan kana da fiye da ɗaya: wanda ya koma na Faransanci, inda A da Q suka yi musayar wuri, ba zai taɓa buga kalmar sirrinsa daidai ba. A waya kuma, kibod kan mai da harafin farko babba ko ya ƙara tazara a ƙarshen imel. Danna alamar idon nan da ke gefen akwatin ka ga abin da kake rubutawa. Kada ka wuce gwaji biyu a makance, domin shafuka da dama, musamman na banki, kan kulle asusu bayan kuskure uku zuwa biyar.

Sai rauta. Tana buƙatar minti biyu zuwa biyar kafin ta gama tashi, kuma Wi-Fi kan riga intanet dawowa, shi ya sa za ka ga waya ta haɗu amma babu abin da ke buɗewa. Jira fitilar intanet ta tsaya cak. Idan ta ƙi, cire wutarta na daƙiƙa 30, kunna modem tukuna in daban yake, sannan rautar. Kada ka soka tsinke a ɗan ramin Reset da ke bayan rautar, wannan goge duk saitin yake yi, har da bayanan haɗin kamfanin intanet. Wani abin kuma, sau da yawa rauta kan tashi da sabon adireshin IP, wato lambar da shafuka ke gane haɗinka da ita a intanet. Shafin da ya saba ganinka daga wani adireshi sai ya yi zaton baƙo ne, ya nemi ƙarin tabbaci. Haka ma idan ka koma raba intanet daga waya lokacin da babu wuta. Ba kutse aka yi maka ba. Idan kana da VPN a kunne, kashe shi kafin ka gwada.

Lambar kuskuren da shafi ya nuna tana gaya maka ko laifin naka ne. 401 da 403 na nufin ba a yarda da shaidarka ba ko ba ka da izini. 429 na nufin ka yi ta gwadawa har an gaji da kai, maganinsa ka bar shi na minti 15 ko fiye, domin a wasu shafukan kowane sabon gwaji yana sabunta wa'adin jira. 500, 502 da 503 matsalar can ce, babu abin da za ka gyara a gidanka.

Game da lambar da ake turowa ta saƙon waya, kuskuren da aka fi yi shi ne danna a sake turowa sau huɗu a jere. Lokacin da wuta ta ɗauke a yanki gaba ɗaya, kowa ya koma kan data, saƙonni kan yi jinkiri, su zo a hargitse. A yawancin shafuka sabuwar lamba tana kashe tsohuwa, sai ka saka ta farko da ta iso alhali ta huɗu ce mai rai. Nemi ɗaya, ka jira minti biyu cikakku. Haka abin yake da mahaɗin canza kalmar sirri da ake turowa ta imel.

Idan duk wannan bai yi ba, gwada tagar sirri: Ctrl+Shift+N a Chrome ko Edge, Ctrl+Shift+P a Firefox. In ka shiga ta nan, matsalar kukis ce, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane ka. Kwamfutar da ta mutu ba zato tana tsakiyar rubuta su takan bar su a lalace, sai ka ga shafi yana ta mai da kai wurin shiga ko da ka saka komai daidai. Goge kukis na wannan shafin kaɗai, ta alamar da ke hagun adireshi. Goge na duka zai fitar da kai daga ko'ina, ka ƙara wa kanka aiki.

Wanda wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar biyan kuɗi kuwa, kada ya sake biya sai ya duba asusunsa da imel. Sau da yawa kuɗin ya riga ya fita, shafin tabbatarwa ne kawai bai kai ga nunawa ba.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne kada rauta ta mutu tun farko, kuma riƙe ta ba ya buƙatar babban kaya. Juya adaftarta ka karanta: yawanci za ka ga 12V 1A, wasu 9V, wasu 5V. Mai 12V 1A iyakarta 12W, a zahiri takan ci 6W zuwa 10W. Fawa bank mai 20,000mAh an auna shi ne a kan 3.7V, wato 74Wh. Cire asarar da ake yi wajen ɗaga ƙarfin wuta, abin da zai rage kamar 55Wh ne, wanda zai riƙe rauta mai cin 8W kusan awa bakwai. Sai dai ba za ka jona shi kai tsaye ba, kana buƙatar kebul mai ɗaga 5V zuwa 12V. Duba abu uku: ƙarfin ya yi daidai da na adaftar, bakin ya shiga daram, yawanci 5.5 da 2.1 milimita ne, sannan tsakiyar bakin ta zama + kamar yadda zanen da ke kan adaftar ya nuna. Saka 12V a rauta mai 5V ƙona ta zai yi nan take. Ni dai na fi son ƙaramin UPS na rauta, wato akwatin batir da ke zama tsakanin soket da rautar, domin shi ba ya barin ta ko ƙiftawa, fawa bank kuwa sai ka tashi ka jona, ta riga ta mutu.

UPS na kwamfutar tebur labarinsa daban. Mai 650VA yana ɗaukar nauyin kamar 360W ne, batirin cikinsa kuma yawanci 12V 7Ah, wato 84Wh a takarda. Kwamfuta da allonta masu cin 150W za su samu kamar minti goma. An yi shi ne don ka adana aiki ka kashe kwamfuta yadda ya kamata, ba don ka ci gaba da aiki ba. Kada a jona masa firintar leza, ko hita, ko dutsen guga. Batirinsa kan gaji bayan 'yan shekaru, zafi kuma na rage masa kwana, don haka a riƙa gwada shi: cire fulogi daga bango kwamfuta na kunne, in ta mutu nan take, batir ya tafi. A Word kuma, adanawar kai-da-kai tana zuwa ne a kan minti 10, mai da ita minti 2. Mai inbata ya tuna cewa batirin dalma mai 12V 100Ah 1,200Wh ne a rubuce, amma rabi kawai ake ci in ana son ya daɗe.

Ranar da akwai wuta kuma komai na aiki, shiga saitin tsaro na manyan asusunka ka ciro lambobin ko-ta-kwana, waɗanda ake shiga da su idan lambar tabbatarwa ta waya ta gagara. Google na bayar da guda 10 masu lamba takwas-takwas, kowace sau ɗaya take aiki. Rubuta su a takarda. Hotonsu a cikin wayar da cajinta zai ƙare ba shi da amfani. Fara da imel, tunda ta nan ake farfaɗo da sauran.

Idan wuta ta ɗauke, leƙa ka ga ko maƙwabta na da ita. In gidanka ne kaɗai, duba akwatin bireka: sauke duka, ɗaga babban, sannan ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sake faɗuwa, layinsa ne ke da matsala, cire duk abin da ke kansa kafin ka sake gwadawa, kuma kada ka danne shi da ƙarfi. In ɗaukewar ta gari ce, cire kwamfuta da talabijin daga soket, ka bar ƙwan lantarki ɗaya a kunne don ka san an dawo. Wutar da ta dawo takan zo da hauhawa ko ta sake yankewa, ba ta minti biyar kafin ka jona kaya masu tsada. Firij ma haka, injinsa na buƙatar minti uku zuwa biyar kafin ya sake tashi. Idan ka ga ƙwan wani ɗaki ya yi haske fiye da kima na wani kuma ya dushe, wataƙila wayar nutural ce ta tsinke. Sauke babban bireka nan take ka kira mai gyaran wuta.

Janareta kuwa a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, domin iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Kada a zuba masa mai yana da zafi, kada kuma a jona shi da wayoyin gida ta soket ba tare da makunnin canji ba, domin wutar za ta koma kan layi ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan turke.