"Babu sabis" iri-iri ne

Da na fara koyon aiki a wani shagon kwamfuta a Zariya, ji nake na gama sanin komai. Na haddace cewa ƙa'idar da Wi-Fi ke bi sunanta 802.11, cewa ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta fitar da ita a 1997, har 802.11b ta 1999 mai gudun megabit 11 na san da ita. Amma sai da na yi mako biyu ban gyara ko abu ɗaya ba, domin duk wanda ya bugo waya magana ɗaya yake yi: "Babu sabis." Ni kuwa sai in ɗauki jaka in fita, ban ma tambayi wane sabis ɗin ba.

Wani Alhaji mai gidan hayar ɗalibai ne ya fara kunyata ni. Sandunan sigina a cike suke a wayar kowa, amma ko saƙon WhatsApp ba ya tafiya. Na kashe rauta, wato na'urar da ke ba gidan Wi-Fi, na kunna, na hau kujera na miƙe eriya, na sauya kalmar sirri, gumi na ta zuba. Ogana ya iso, ya duba layin da ke cikin na'urar, ya ce, "Kai yaro, data ce ta ƙare." A hanyar komawa ya ce mini in ɗauki abin kamar famfo da tanki: bututu na iya zama lafiya lau, amma idan tanki ba ruwa, murɗa kan famfo ba zai kawo komai ba. Sandunan nan ƙarfin haɗin waya da rauta kawai suke nunawa. Intanet ɗin daga kamfanin sadarwa yake zuwa, kuma lissafinsa daban.

Daga ranar na daina kallon akwatin rautar a matsayin abu guda. Aiki huɗu yake yi a jiki ɗaya: ɓangaren da ke magana da kamfanin sadarwa shi ne modem, akwai mai watsa sigina a iska, akwai mai raba hanya tsakanin na'urorin gida da duniyar waje, sannan akwai DHCP mai ba kowace waya adireshinta na IP, irin 192.168.1.20 ɗin nan. Kowanne na iya lalacewa shi kaɗai. Idan ka ga kwamfuta ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, to ta nemi a ba ta lamba ba a amsa mata ba ne, kar ka wahalar da eriya.

Inda na fi shan wuya shi ne iska kanta, tunda ba a ganin abin da ke yawo a cikinta. Bayan wata guda Alhajin ya sake kira, wai 'yan ɗakunan ƙarshe suna ƙorafi. Na je na tarar ya sa maƙeri ya yi wa rautar akwatin ƙarfe da kwaɗo, saboda masu ɗan hali. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ka ɗaure siginar ne tare da na'urar." Ƙarfe mayar da sigina yake yi, ruwa kuma shanye ta yake, ga shi an kafa akwatin daf da tankin tsakar gida. Na buɗe manhajar auna sigina a wayata muka taka tare. A bakin akwati tana nuna -55, a ɗaki na uku -72, a na ƙarshe -86. Ma'aunin dBm ne, kuma da yake lambobin ƙasa da sifili suke, wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau. Wannan ya daɗe yana rikita ni. Sai da na riƙa tuna shi kamar bashi, mai ɗan kaɗan ya fi kwanciyar hankali.

A nan ne kuma bambancin 2.4 da 5 gigahaz, wato zango biyu da siginar Wi-Fi ke bi a iska, ya zauna mini. Na 2.4 ya fi ratsa bango, ya fi nisa, amma kasuwa ce: Bluetooth na ciki, MiFi ɗin maƙwabta na ciki. Tashoshinsa a matse suke suna hawa kan juna, uku ne kawai ba sa taɓa juna, wato 1 da 6 da 11. A gidan nan na ƙirga sunayen Wi-Fi tara, yawancinsu a tasha ta 6, kowa na jiran kowa ya yi shiru kafin ya yi magana, domin haka tsarin yake, bi da bi ake yi. Na 5 fili ne mai faɗi da gudu, sai dai bangon bulo biyu sun isa su karya masa gwiwa. A ganina masu tallar rauta ba sa kyautawa da suke buga babbar lamba a jikin kwali su yi shiru a kan bango. Ga kuma rikicin megabit da megabait: takwas na farko ne ke yin ɗaya na biyu, don haka layin megabit 20 bai wuce ya sauke megabait 2.5 a daƙiƙa ba. Na sha raba gardama a kan wannan.

Batun tsaro bai ba ni wahala ba. A cikin tsare-tsaren kulle Wi-Fi, WEP tsohon kwaɗo ne da aka gano lagonsa tun 2001, WPA2 ya zo a 2004, WPA3 a 2018. Ɓoye sunan Wi-Fi, wanda ake ce wa SSID, ba ya hana mai nema ganowa. Kuma ko wane kwaɗo ka sa, idan kalmar sirrin lambar wayar mai gida ce, 'yan unguwa sun riga sun shiga.

Alhaji dai bai yarda a bar na'urarsa a fili ba. Muka daidaita a kan akwatin katako, muka ɗaga shi sama a tsakiyar baranda nesa da tanki, na mayar da tashar zuwa 11, muka ja waya zuwa na'urar watsa sigina ta biyu a can ƙarshen gidan. Ɗakin ƙarshe ya koma -63. Kwaɗon nan dai shi ya sake maƙalawa, makullin kuma yana aljihunsa.