Namun dajin Arewacin Kamaru da masu ikon harbinsu

Duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Ngaundere zai ratsa dazuzzukan da ke kewaye da gandun dajin Binuwai, waɗanda gwamnati ta yanka gunduwa-gunduwa ta bai wa kamfanonin farauta haya, akasarinsu a hannun Turawa. Da zarar rani ya kama, attajirai daga Faransa da Amurka sukan zo su biya maƙudan kuɗi su harbi ɓauna ko gwanki, a cire kan da ƙahonninsa, a jeme fata, a aika musu gida su rataye a bango. Manomin da gonarsa ke bakin dajin nan kuwa, idan aka kama shi da bindiga da naman gada guda, tara ce ko kurkuku.

Wannan bambanci gado ne na mulkin mallaka. Faransawa ne suka keɓe dajin Binuwai a 1932, suka keɓe na Waza a 1934, ba tare da sun nemi yardar mutanen da kakanninsu suka yi farauta da kiwo a ciki ba, kuma da aka sami 'yancin kai sai aka ƙara ƙarfafa iyakokin, aka mayar da su gandun ƙasa a 1968. Dokar gandun daji ta 1994 ma, wadda aka maye gurbinta a 2024, ta halatta wa talaka farautar gargajiya ne kawai a kan ƙananan dabbobi, da kayan da aka yi da itace ko tsirrai, alhali baƙon da ya sayi lasisi yana shiga da bindiga mai madubi.

Ina son dabbobin nan su wanzu, kuma na san irin asarar da muka yi. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda a dazuzzukanmu ta yi zamanta na ƙarshe, a 2011 aka tabbatar ta ƙare a duniya. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da manyan bindigogi suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun dajin Buba Njida saboda haure. Gaskiya ne kuɗin farauta yana biyan wasu masu gadi, yana kuma hana a share daji a shuka auduga.

Abin da ke damuna shi ne, wanda giwa ke tattake masa dawa a dare ɗaya, da makiyayin da aka toshe wa burtali, su ne suke ɗaukar nauyin wannan kariya, amma kason da doka ta ware wa ƙauyuka kaɗan ne, kuma sai ya bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso. Ya kamata duk lokacin da za a sabunta hayar wani yanki a wajen garuruwan Poli ko Collire, a zauna da masu unguwanni da ardo-ardo, a faɗa musu nawa kamfanin ya biya da nawa ne rabonsu, a kuma rubuta a manna a ƙofar fada.