Abin da aikin ƙididdiga ke koyarwa game da unguwar masu hali a Yanbu

Duk wanda ya yi aikin ƙididdigar gidaje a ƙaramin birni irin Yanbu da ke ƙasar Saudiyya, musamman ɓangaren masana'antu da hukumar masarauta ta Jubail da Yanbu ke kula da shi tun 1975, ya san cewa adadin da ya fi yaudara shi ne matsakaicin kuɗin shiga. Ɗauki gida goma: tara suna samun riyal 15,000 a wata, ɗaya yana samun 150,000. In an haɗa an raba, kowa ya tashi da 28,500, alhali babu gida ɗaya da ke samun haka. A jera gidajen daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na tsakiya. Shi ne ke faɗin gaskiyar unguwa.

Sai batun me ake kira gida. Ƙidayar 2022 ta ce mutanen Saudiyya miliyan 32.2 ne, baƙi miliyan 13.4, kuma gidan ɗan ƙasa kan ɗauki mutum 4.8, na baƙo 2.7. Amma katanga ɗaya a unguwar masu hali takan rufe magidanta uku: mai gida a ƙasa, ɗansa da ya yi aure a sama, ɗan haya a ɗakin da aka ƙara a kan rufi. Ga ɗakin direba a bakin ƙofa, ga 'yar aiki. Kada a ƙirga ƙofofi, a ƙirga mitocin wuta da ke jikin bango. In aka zuba albashin direba cikin lissafin iyali, an ɓata duka biyun, kuma an ɓoye mutumin da ya cancanci a gan shi. 'Yan'uwanmu da yawa a irin waɗannan ɗakuna suke.

Tambayar albashi ma tana son dabara. Ka tambayi mutum nawa yake ɗauka, sai ya faɗi tushen albashi ya bar alawus ɗin gida, wanda a kamfanoni da dama kwata ne na tushen, ya bar na mota. A tambayi tushen da kowane alawus ɗaya-ɗaya, sannan a tambayi abin da banki ke cira, domin biyan bashin da mutum ya ci a banki yana iya cinye har sulusin albashi.

Canjin da ya fi girgiza irin waɗannan unguwanni ya soma a Yulin 2017, da aka ɗora wa baƙi kuɗin zaman iyali, riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya hau har 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku yana biyan 19,200 a shekara. A 2020 ɗin ne harajin saye ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Baƙi da yawa suka mayar da iyali gida suka zauna su kaɗai. Albashin bai ragu a takarda ba, amma kuɗin ya daina yawo a unguwa. Bahaushen da ke shirin buɗe shagon ɗinkin mata ko kayan yara bisa tsohon lissafi yana iya yin asarar jarinsa a nan. Ya duba yawan yaran da ke hawa motar makaranta da safe kafin ya sa hannu a takardar haya.

Lokacin fita aikin ƙididdiga ma abin lura ne. Hutun zafi, Yuli da Agusta, gidaje da yawa a kulle suke. Ciniki kuma a auna shi sau biyu, bayan 27 ga wata da ma'aikatan gwamnati ke karɓar albashi, da kuma tsakiyar wata.