Yadda na yi fama da ciwon jijiya bayan maganin kemo

Ni tela ne a Shara Mansur, nan Makka, kuma shekara talatin ke nan da allura da almakashi nake ci da iyalina. Bayan an yi mini tiyatar ciwon daji na babban hanji, likita ya tsara mini ƙarin ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji, sau 12, duk bayan mako biyu, kuma cikin magungunan da ake ɗura mini har da oxaliplatin. An gargaɗe ni cewa wannan magani ba ya shiri da sanyi, amma ban san nauyin maganar ba sai da na shiga Harami kwana biyu bayan ƙarin farko, na tari Zamzam mai sanyi na kurɓa, nan take maƙogwarona ya shaƙe, yatsun da ke riƙe da kofin kuma suka ɗau fizga kamar na taɓa wayar lantarki. Tun daga ranar na koma neman tulunan da aka rubuta ruwansu ba mai sanyi ba ne.

Wannan yakan lafa bayan 'yan kwanaki. Wanda ya zo daga ƙari na bakwai shi ne ya zauna daram: tafin ƙafata yana zugi da daddare har bargo ba na son ya taɓa shi, kan yatsuna kuma ya mutu, na kasa zura zare a allura. Na ɓoye wa likita, domin ina tsoron kada a dakatar da maganin cutar ta dawo. 'Yata ce ta tona ni, ranar da na taka dandamali mai zafi bayan azahar ina neman takalmina, na dawo gida da bororo a ƙafa ban ko ji ba. Ta ce, “Baba, wallahi gobe da bakina zan gaya wa likita.”

Likitan ya ce, “Alhaji, da ka yi magana tun wuri da mun rage maka shi.” Ya bayyana mini cewa maganin yana taruwa ne yana lahanta jijiyoyin ji, kuma mafi tsawonsu su ke fara jikkata, shi ya sa abin ke somawa daga yatsun ƙafa da na hannu. Ya cire oxaliplatin daga sauran ƙarin, aka ci gaba da ragowar magungunan, wanda ban taɓa zaton yana yiwuwa ba. Ya auna sukarin jinina da bitamin B12, domin ciwon sukari da ƙarancin bitamin ɗin suna ƙara tsananta lamarin, sannan ya rubuta mini duloxetine, miligiram 30 a rana na mako guda, daga nan 60, tare da kashedin kada in yanke shi rana ɗaya. Farasitamol da na yi ta sha a ɓoye bai taɓa yi mini komai ba. Shi kuwa duloxetine, bayan tashin zuciya na makon farko, ya rage zugin har na sami barci, sai dai bai dawo da jin da ya tafi ba. 'Yan uwa sun matsa a yi mini ƙaho, likita ya hana, saboda kemo yana rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini da masu kare jiki.

Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne ciwon ya ƙaru wata biyu bayan an daina maganin, ko da yake an faɗa mini haka oxaliplatin yake yi kafin sauƙi ya fara. Yanzu wata takwas ke nan. Na koma kan keke, yaron shagona ke zura mini zare, kowane dare ina duba tafin ƙafata da madubi, ruwan alwala kuma, wanda tankin saman bene ke dafawa da rani, da gwiwar hannu nake fara gwada shi.