Gidan gilashi a bakin teku

Ɗan ƙanena ya zo mini da zane a waya, jiki na rawa. Ya sayi fili a Okun Ajah, a yankin Lekki da ke gaɓar tekun Legas, zai gina gidan gilashi mai kallon teku, har da garejin ƙarƙashin ƙasa. A Lekki! Na daɗe ban ce masa komai ba, domin kaina na hango a cikinsa.

A 2009 na yi nawa ginin a wannan yankin. Injiniya ya ce ƙasar yashi ce da fadama, sai an kafa ginshiƙai can ƙasa, a ɗaga daɓen sama da titi sosai. Da na ji kuɗin, na ce cuta ce. Na zuba yashi tifa-tifa, aka yi fandisho irin na Kano. To laifina ne? Ni ɗan tudu ne, a wajenmu ruwa ya sauka ya wuce. Kuma maƙwabta duk haka suka yi. Amma dai an faɗa mini, kunne na toshe.

Ruwan Yulin 2011 ya shigo falo har gwiwa, ta masai ma ya ɓullo. Wannan da sauƙi. Iskar gishiri ce ta gama da ni a hankali: rodi ya yi tsatsa a cikin kankare, ya kumbura, ya tsage ginshiƙin baranda. Ƙofar ƙarfe, janareta, na'urar sanyaya ɗaki, kowanne sai da na sake. Araha ba ta ado.

Daga ƙarshe na ce masa: na so in jero maka shawarwari goma, yarona, amma ku 'yan yanzu ba ku sauraron abin da ya wuce minti ɗaya. Je ka ga filin a watan Yuni, ana tsaka da ruwa. Tambayi masunta inda teku take shekara ashirin baya, su nuna maka abin da ta ci a Alpha Beach. Ɗora gidan kan ginshiƙai kamar na Makoko, unguwar nan ta kan ruwa a Legas, ka bar ƙasan fayau ruwa ya wuce, mita da janareta a sama. Garejin nan kuwa rijiya ce.

Kai, kar ma ka gina. Ko da yake filin kar ka sayar, yana tashi. Nawa ma ban sayar ba.

Ya ce zai yi tunani, ido na kan waya. Jiya na ji an kai bulo.