Man citta: abin da tururi ke ɗaukowa da abin da yake bari

Sana'ata tatsar man ƙamshi daga tsirrai, kuma a ɗan kamfanin da nake riƙe da shi citta ce ta fi cin lokacinmu. Aikin ba ya son gaggawa. Busasshiyar citta muke farfasawa, ba ma niƙe ta lilis, don in ta zama gari sai ta cure a tukunya, tururi ya rasa hanyar wucewa. Mu zuba, mu rufe, mu saki tururi ta ƙasa. Shi ke kwaso man, ya bi bututun da ruwan sanyi ke kewaye da shi, ya koma ruwa. Can sai ka ga man, rawaya-rawaya, yana taruwa ɗigo-ɗigo a saman ruwan da ke kwalbar rabewa. Kilo 100 na busasshiyar citta bai cika ba da abin da ya wuce kilo 1 zuwa 3 ba.

Tambayar da masu saye suka fi yi mini ita ce, "Ina yajin yake?" Wasu har zargin gauraye suke yi. Alhali man citta na gaskiya ba shi da yaji. Sinadaran da ke sa citta zafi a baki, wato jinjarol da shogawol, ba sa tashi da tururi. A tukunya suke zama tare da dusa. Shogawol ma daga jinjarol yake samuwa idan citta ta bushe ko ta sha zafi. Mai neman su sai ya nemi wanda aka tatsa da sinadarin narkarwa, kuma wannan wata sana'a ce daban.

Abin da tururi ke ɗaukowa shi ne ƙamshi. A cikin sinadaran ƙamshin, zinjibarin ne kan gaba, sai ar-kurkumin, bisabolin, seskwifelandirin da kamfin. Akwai kuma sitiral mai ƙamshin lemun tsami, wanda ya fi yawa a man ɗanyar citta. Ni na fi son na ɗanyar, sai dai yana cin itacen wuta da haƙuri, don yawancin nauyinta ruwa ne.

Kowane zubi nakan aika samfurinsa ɗakin gwaje-gwaje, domin takardar sakamakon na faɗin abin da hanci ba zai kama ba. Idan zinjibarin ya ragu, ar-kurkumin ya ƙaru, alama ce cittar ko man ya daɗe a ajiye, iska ta taɓa shi. Shi ya sa kwalabenmu masu duhu ne, muna cika su har wuya, a ajiye a wuri mai sanyi.

Maganar amfani ga jiki kuwa, a nan nake taka-tsantsan. A ɗakin gwaji an ga man yana hana wasu ƙwayoyin bakteriya da fumfuna yaɗuwa. An kuma gwada shaƙarsa don rage tashin zuciya bayan tiyata, sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Faranti na gwaji daban, jikin mutum daban. Yawancin abin da ake faɗa kan amfanin citta ma jinjarol ya shafa, shi kuwa ba ya cikin kwalbata, don haka ba na rubuta sunan wata cuta a jikinta. Abin da nake rubutawa shi ne kada a sha, kuma kada a shafa shi tsantsa, yana iya ƙona fata. A sirka ɗigo kaɗan cikin wani man shafawa, a gwada a bayan hannu tukuna.