Wasiƙa daga Jamus: amsa ga masu tambayata batun katunan hoto

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ya gida, ya iyali? Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ya sako mu gaba. Na yi muku alkawarin bayanin takardar zama da wahalar neman gidan haya, to a taƙaice dai duk wanda zai zo ya taho da haƙuri mai yawa, kada kuma ya yar da ko guntun takarda. Yau wata magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da aka hango katunan nan masu zane a kan teburina cikin wani hoto da na tura, tambaya ɗaya ke ta dawowa: "Yaya, ko duba kika fara?"

Ba duba nake yi ba. Gaibu sai Allah, kuma kwali da fenti ba su san gobe ba. Amma ban ga laifinku ba, domin katunan iri biyu ne, kuma su kansu masu sayarwa a nan suna jera su wuri guda.

Akwai wanda ake kira Tarot, kati 78. Asalinsa karta ce kawai da masu sarauta suke bugawa a arewacin Italiya, irin su Milan, a ƙarni na 15. Ita kanta kartar ta shiga Turai ne daga ƙasashen Musulmi wajajen 1370. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu a Faransa suka laƙaba masa asiri, suka ce wai ilimin tsohuwar Masar ne a ɓoye, alhali ba su da hujja. Wanda ya fi yawo yanzu shi ne wanda Pamela Colman Smith ta zana, aka buga a Landan a 1909. Shi ake shimfiɗa wa mutane ana gaya musu za su yi aure ko za su yi arziki, kuma wannan ni na yi nesa da shi.

Nawa daban ne. Sunansa OH, wani mai zane a Kanada, Ely Raman, ya ƙirƙiro shi, a nan Jamus kuma ake buga shi. Hotuna 88 ne da kalmomi 88, babu wani littafin fassara da zai ce maka hoto kaza na nufin kaza. Ƙa'idarsa ita ta ja hankalina: wanda ya ɗauki kati shi kaɗai zai faɗi abin da ya gani, babu mai gyara masa.

A ajin koyon Jamusanci na fara ganinsa. Malamar ta baza hotunan, ta ce kowa ya zaɓi wanda ya yi kama da makonsa. Akwai wani dattijo da ba ya cewa uffan a ajin. Ya ɗauki hoton wani mutum a tsaye bakin ƙofa, ya juya baya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan mutumin bai san ko shiga zai yi ko fita ba." Daga nan sai ga labarin 'yarsa da ya baro, da aikin da ya bari. Ta kusa da shi ta kalli hoton nan dai ta ce ita mai jiran baƙo take gani. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Da an tambaye shi kai tsaye me ke damunsa, "ba komai" zai ce, kamar yadda dukanmu muke cewa. Magana a kan mutumin cikin hoto ta fi sauƙin fita daga baki, ko da kuwa kanka kake nufi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin haka. Tun 1921 Hermann Rorschach yake nuna wa marasa lafiya ɗigon tawada yana tambayar me suka gani. Sun kuma san inda ake yaudarar mutane. A 1948 Bertram Forer ya raba wa ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya sak, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba bayanin maki sama da 4 cikin 5 wajen dacewa da halinsu. Abin da ke ƙona mini rai ke nan idan na ga ana karɓar kuɗin mai baƙin ciki ana jefa masa magana mai harshen damo, yana cewa an karanto zuciyarsa.

Ni idan dare ya yi nakan ɗauki hoto ɗaya, in rubuta abin da na gani, wa ke ciki, me ya faru kafin nan, sannan in tambayi kaina me ya sa wannan labarin ya zo mini yau. Wani lokaci ba abin da ke fitowa, sai in mayar. Wanda kuma damuwa ta hana shi barci da cin abinci, likita yake buƙata, kati ba zai yi masa magani ba.

Ƙanwata da kika ce in ɗauko miki guda in gaya miki abin da ya ce, ki yi haƙuri, ba zan yi ba. Ki yanko hotuna daga tsofaffin mujallu, ki kifa su, ki jawo ɗaya, ki rubuta da hannunki.